Rigar Hawan Moto a Lokacin Ɗari: Yadda Za Ka Zaɓe Ta

 Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, yanzu hankalin kowa ya koma garka. Mai albasa yana dashe, mai tumatir da kabeji yana ban ruwa, mai alkama yana jiran ranar ruwansa a fadamar Ƙonni. Tun bayan farin 1984, da aka ƙarfafa noman rani a ƙasar nan, manomi ba ya zaman banza a lokacin ɗari.

A da, jaki da keke su ke kai mutum garka. Yau moto ce. Ita ke kai ka gona da asuba, ita ke ɗauko buhun taki, ita ke kai ka kasuwar Badagishiri ko ta Galmi, ita ke kai mara lafiya likita. Mun saba yin magana a kan iri da taki da maganin ƙwari. Yau maganarmu a kan rigar da kake sawa ce in za ka hau moto. Kada ka raina zancen. Manomin da ya kwanta sati biyu a tsakiyar dashe, ko don ciwon ƙirji, ko don gudron ya saɓule masa fatar hannu, albasarsa ba za ta jira shi ba.

IRIN SANYIN ƘASARMU

Sanyinmu ba irin na Turai ba ne. Babu ƙanƙara, babu ruwan sama. A Ƙonni, cikin Disamba da Janairu, awon zafi da asuba yakan sauka wajen digiri 15, wasu ranaku ya kusanci 10. In rana ta take, sai ya haura 30. Ka ga ke nan a yini guda kana da yanayi biyu: ɗari da safe, zafi da azahar.

Abu na biyu, iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya ƙwarai, tana ɗauke da ƙura. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasar Cadi. Ita ce hazon da ke rufe gari har ka kasa ganin abin da ke gabanka da nisa.

Abu na uku, a watan Janairu rana ba ta fitowa a nan sai bayan ƙarfe 7. Lokacin da ya fi kowane sanyi kuwa shi ne gab da fitowar rana. Daidai lokacin ne mai garka ke kan hanya.

Saboda haka rigar da ta dace da mutumin Faransa a lokacin sanyinsu ba ita ta dace da kai ba. Tasa an yi ta ne don ruwa da ƙanƙara. Kai kana neman wadda za ta tare iska da safe, ba ta dafa ka da rana ba.

ME YA SA SANYI YA FI CIZO BISA MOTO?

Jikin mutum yana riƙe da zafinsa a digiri 37. In kana tsaye, jiki yana ɗumama ƴar iskar da ke kwance tsakanin fata da tufafi. Wannan ƴar iska mai ɗumi ita ce bargonka na gaskiya. Tufafi aikinsu kawai su riƙe ta.

In ka hau moto, iska tana shiga ta wuya, ta hannun riga, ta tsakanin maɓallai, ta kwashe mai ɗumin ta bar maka mai sanyi. Jiki ya sake ɗumamawa, iska ta sake kwashewa. Kamar mai zuba ruwa ne cikin tulu mai huda.

Masana yanayi na Kanada da Amurka sun fitar da wani lissafi a shekarar 2001 don auna wannan abu. Bisa lissafin, in awon zafi yana digiri 10, iska kuma tana bugun ka da gudun kilomita 40 a awa, fatarka za ta ji kamar digiri 6. In gudun ya kai kilomita 60, za ta ji kamar digiri 5. Ka lura da abu guda: tsakanin 40 da 60 bambancin kaɗan ne. Wato ko da ba ka gudu sosai, iska ta riga ta yi aikinta. Rage gudu yana da kyau don tsaro, amma ba zai hana ka jin sanyi ba. Riga ce ke hanawa.

Sannan ka tuna inda ka nufa. Wanda ya bar Ƙonni da safe zuwa Tsarnawa, Malbaza ko Galmi gabas ya nufa. Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Badagishiri arewa ya nufa. Duka biyun suna fuskantar hunturu ne, gudun iska ya haɗu da gudun moto.

ABIN DA SANYI KE YI WA MAI TUƘI

In jiki ya ji sanyi, sai ya janye jini daga yatsu da tafin ƙafa ya mai da shi ciki, don ya kare zuciya da huhu. Shi ya sa yatsu ke sandarewa. Da waɗannan yatsu kake kama birki da kuloci. Kafaɗu su ɗaure, wuya ya ƙi juyawa, ka dunƙule kai ƙasa don gudun iska, ka daina duba hanya da kyau. Hankali ma yakan yi nauyi.

Ga lissafi mai sauƙi. Moton da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In sanyi ya sa ka makara da daƙiƙa ɗaya kafin ka kama birki, ka ci mita 17 a banza. A hanyar da akuya ke tsallakawa, amalanke na tafiya ba fitila, manyan motocin siminti da na albasa suna wucewa, mita 17 ba ƙaramin abu ba ne.

AIKI HUƊU DA AKE SO RIGA TA YI

Kafin ka shiga kasuwa, ka riƙe waɗannan huɗu a ka:

1. Ta tare iska.
2. Ta riƙe ɗumi da safe, amma a iya rage ta in rana ta yi.
3. Ta kare fata da ƙashi in an faɗi.
4. Ta sa a gan ka daga nesa.

Yawancin mutane na farko da na biyu kaɗai suke dubawa. Na uku da na huɗu kuwa su ke ceton rai.

UKU MARASA KAURI SUN FI ƊAYA MAI KAURI

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙatuwar riga guda mai cike da auduga, irin ta ƙasashen ƙanƙara. Da asuba tana da daɗi. Da hantsi sai gumi ya karyo. Ruwa kuwa yana jan zafin jiki fiye da iska sau 25 ko kusa da haka. Rigar ciki da ta jiƙe da gumi, in iska ta same ta, ta fi babu riga sanyi. Daga nan sai mutum ya tuɓe ƙatuwar rigar ya ɗaure ta a bayan moto, ya koma gida da ƴar shara. In ya faɗi a lokacin, ba abin da ke tsakaninsa da tsakuwa.

Dabarar ita ce hawa uku:

Ta ciki: mara nauyi, mai dogon hannu, wadda ta kama jiki. Abu mafi muhimmanci, ta zama busasshiya. In ban ruwa za ka yi, ka tafi da wata ta canji cikin leda. Kada ka hau moto da jiƙaƙƙiyar riga.

Ta tsakiya: rigar saƙa, ta ulu ko makamanciyarta. Ita ke riƙe ɗumi. Ita ce kuma za ka cire in rana ta yi, ka naɗe ta ka sa a jaka.

Ta waje: buluzon mai ƙarfi, mai tare iska. Wannan ba a cire ta muddin ana kan moto, safe ko rana.

Da haka riga ɗaya ta waje za ta yi maka aiki tun daga Nuwamba har Maris.

WANE YADI?

Fata ta gaskiya. Ta fi kowa tare iska, ta fi kowa jure gurzar ƙasa. Rigunan da aka ɗinka don moto da fatar saniya ake yin su, kaurinta ya ɗan wuce milimita 1. Aibinta nauyi da zafi da rana, kuma hunturu yana busar da ita in ba a shafa mata mai ba. Akwai kuma rigunan fata na ado, na fatar tunkiya mai laushi kamar ƙyalle. Suna tare iska, amma ba su da ƙarfin ta saniya.

Fatar roba. Ta cika kasuwa, tana da araha, tana ƙyalli. Yadi ne aka shafa wa roba a bisa. Ba ta barin gumi ya fita, zafin rana yana fasa ta, tana ɓarewa kamar bawon gyaɗa, kuma in an faɗi nan take take yagewa. Yadda za ka gane ta: duba bayan fatar ta wani gefe na ciki. In ka ga saƙar zare, roba ce. Fata ta gaskiya bayanta gashi-gashi ne, kuma tana da warin jima.

Yadin moto na musamman. Zaren nailan ne ko makamancinsa, mai kauri, saƙa matsattsiya, in ka taɓa za ka ji shi da kaushi kamar tamfol. Galibi irin waɗannan riguna suna da shafi na ciki da ake cirewa da zif, da ƙofofin iska a ƙirji, ko ƙarƙashin hammata, ko a baya, da ake buɗewa da rana. Ga yanayinmu babu kamarta. Akan dace da ita cikin kayan bosho, in ka san abin da kake nema.

Jins ko kaki mai kauri. Yana da daɗin sawa, ba ya narkewa, kowane tela zai iya gyara shi. Iska tana ɗan ratsa shi, sai an yi masa shafi. A faɗuwa ya fi riga mara kauri nesa, amma bai kai fata ko yadin moto ba.

Buluzon mai santsi, mai kumbura. Ɗumi gare ta, amma yadinta na waje kamar leda yake. Ƙaya ma tana yaga ta, balle gudron. In ita ke gare ka, ka ɗauke ta a matsayin rigar tsakiya, ka sa wata mai ƙarfi a bisa.

Rigar saƙa ita kaɗai. Iska tana ratsa ta kamar rariya. Ba ta da amfani a kan moto sai da wata a samanta.

GWAJI TAKWAS A GABAN MAI KAYA

Ranar da za ka saye, ka tafi sanye da rigar saƙarka, don a bisanta za ka gwada. Kada kunya ta hana ka. Kuɗinka ne, jikinka ne.

1. Ka ɗora yadin a baki ka hura da ƙarfi, hannunka na ɗaya gefen. In ka ji iska a tafin hannu, hunturu ma zai wuce.

2. Ka ɗaga rigar ka duba ta wajen rana. In haske na ratsawa ta ƙananan huji, saƙar ba ta matsu ba.

3. Ka ja ɗinkin kafaɗa da na hammata da na gefe da hannu biyu. In zare ya bayyana ko ɗinki ya buɗe baki, ajiye ta. A faɗuwa sau da yawa ɗinki ke fara fashewa kafin yadi. Ɗinki layi biyu ya fi layi ɗaya.

4. Ka ja zif sama da ƙasa sau biyar. Ƙura ce babbar abokiyar gabar zif. Mai manyan haƙora ya fi jurewa. Ka duba ko akwai ƙyallen da ke rufe shi ta ciki ko ta waje, don ta haƙoran zif iska ke shiga ƙirji.

5. Ka rufe wuyan har sama. Ya kamata ya tsaya ya rufe maƙogwaro, ba tare da ya shaƙe ka ba, kuma ka iya juya kai dama da hagu.

6. Ka zauna kan benci, ka miƙa hannu biyu gaba kamar ka riƙe kan moto. Hannun rigar ya kai wuyan hannunka, bayanta ya rufe ƙugu. Riga takan yi daidai in kana tsaye, in ka zauna ta ɗage ta bar bayanka a fili.

7. Ka duba bakin hannu da ƙasan rigar. A samu roba, ko maɓalli, ko maɗauri da zai tsuke su. In babu, iska za ta shiga ta hura rigar kamar balan-balan, ta dinga jan ka baya.

8. Ka sa wani ya kama ƙasan rigar ta baya ya ja sama. In ta taho har kafaɗa cikin sauƙi, haka za ta yi in kana jan ƙasa. Ta yi maka yawa.

ALAMAR DA KE CIKIN RIGA

Tun da yawancin kayan bosho daga ƙasashen waje suke zuwa, yana da kyau ka san karatun alamarsu. Rigar moto ta gaskiya da aka yi don kasuwar Turai tana da ƴar takarda ɗinke a ciki, da hoton mutum bisa moto. Tun shekarar 2020 akwai ƙa'ida mai lamba EN 17092 da ta kasa rigunan kashi biyar:

AAA: mafi ƙarfi, mafi nauyi, don masu gudu sosai.
AA: ƙarfi mai kyau, don doguwar tafiya.
A: mara nauyi, don tafiyar gari da ƙasashe masu zafi.
B: tana jure gurza, amma ba ta da matasan kariya.
C: tana riƙe matasan kariya kawai, ba ta jure gurza ita kaɗai.

Ga manomin da ke tsakanin gari da garka, A ta wadatar. Ga ɗan kabu-kabu ko mai bin babbar hanya kullum, AA ta fi.

Matasan kariya su ne ƴan faifan roba ko soso mai tauri da ake sakawa cikin aljihu a kafaɗa, da gwiwar hannu, da baya. Na kafaɗa da gwiwa lambarsu EN 1621-1, na baya EN 1621-2. Kowanne yana da mataki na 1 da na 2, na 2 ya fi shanye bugu. Ka ciro su ka lanƙwasa. In sun tsage ko suna marmashewa, sun tsufa. Ka kuma tabbata suna zaune daidai kan ƙashi in ka lanƙwasa hannu. Matashin da ya zame gefe bai kare komai ba.

A ƙasar Ostareliya an yi bincike a kan mahaya moto 212 da suka yi haɗari, aka buga sakamakon a 2011. An ga cewa waɗanda ke sanye da rigar moto sun fi sauran tsira daga kwanciya asibiti, kuma mai matasan kariya ta fi marar su rage rauni. Riga ba ta hana karaya in bugun ya yi tsanani. Abin da ta fi hanawa shi ne saɓulewar fata da yanka, irin raunin da ƙasa ke shiga, ya ruɓe, ya hana mutum riƙe hauya wata guda.

LAUNI

Kowa na son baƙar riga don ba ta nuna dauɗa. Amma ka tuna da direban babbar mota da ya kwana yana tuƙi, ga duhun asuba, ga hazo. Baƙar riga bisa baƙin gudron ba ya ganin ta sai ya zo kanta. Launin ƙasa ma haka yake ɓacewa cikin ƙura. Rawaya, ruwan lemo, ja mai haske da fari su ake hangowa.

In rigar da ka samu mai kyau baƙa ce, kada ka bar ta don launi. Ka sayi ƴar falmaran mai haske, irin ta ma'aikatan hanya, ka ɗora a bisa. Ko ka sa tela ya ɗinka maka ƙyallen nan mai walƙiya in fitila ta haska shi: layi ɗaya a baya, ɗaya a ƙirji, ɗaya a kowane hannu. In buhu ko kwando na bayanka ya rufe ka, ka ɗaura wani a jikin kayan. Fitilar gaba ta kasance a kunne cikin hazo ko da rana ce, ta baya kuma kada ta mutu ka ƙyale.

IN KUƊI BAI KAI BA

Ba kowa zai dace da rigar moto ta Turai ba. Da babu gara ba daɗi. Tela da baduku na garinku za su iya mai da rigar jins ko kaki abin kirki:

A yi mata shafi a gaba, daga wuya zuwa ciki, da yadin lema ko wani mai tare iska. Gaba kaɗai, a bar baya ya sha iska.

A ɗinka fata ninki a gwiwar hannu da kafaɗa, a sa soso mai tauri a ƙarƙashi.

A ƙara layin ɗinki na biyu da zare mai ƙarfi a kafaɗa da gefe.

A sa maɓalli a bakin hannu da wuya.

Ranar da sanyi ya same ka a hanya ba shiri, ga dabarar masu tseren keke na Faransa tun da daɗewa: in za su gangaro daga dutse sai su cusa jarida a ƙirji ƙarƙashin riga. Takarda tana tare iska. Jarida ko kwali mai tsabta zai yi. Amma kada ka yi da buhun taki, ko na siminti, ko kwalin da ya taɓa maganin ƙwari.

BABBAR RIGA, RAWANI, DA WANDA KA GOYA

In za ka biki ko kasuwa da babbar riga, ka naɗe ta ka sa a jaka, ka sa in ka isa. In dole ka sa ta, ka tattare ta cikin buluzon, kada ka bar gefe yana lilo kusa da sarƙa ko wayoyin taya.

Rawani yana da amfani ƙwarai wajen tare ƙura daga hanci da baki. Amma jelarsa a cusa ta cikin riga. Jelar da taya ta kama tana iya fizgo mutum ta wuya. Rawani kuma ba ya maye gurbin hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Ga ta kuma tana rufe kunne daga sanyi. Ka sa ƙyalle mara kauri a hanci da wuya, hular a bisa, ka ɗaure igiyarta.

In ka goya uwargida, ka tsaya ta tattare zane da hijabi ta zauna a kansu kafin ka tashi. Minti ɗaya ne. Ita ma tana bukatar rigar sanyi.

Yaro kuwa, kada ka zaunar da shi gaba bisa tanki da asuba. A nan shi ya zama garkuwarka, duk iskar a ƙirjinsa take sauka. Ƙaramin jiki ya fi babba saurin rasa ɗumi. A rufe masa kai da ƙirji da ƙafa, a sa shi tsakanin manya biyu. In jariri ne kuma tafiyar ba ta gaggawa ba ce, a jira rana ta ɗaga.

HANNU DA ƘAFA

Riga mai kyau da hannu tsirara aikin rabi ne. In mutum zai faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa. Safar hannu ta fata, wadda ta hau kan bakin hannun riga, tana tare iska, tana kare tafi. Kada ta yi kaurin da zai hana ka jin birki. A ƙafa kuma takalmi rufaffe da safa. Silifa ba takalmin moto ba ne.

ABU UKU DA ZA KA KIYAYE

Wuta. Da ka sauka kana rawar ɗari, wurin mai shayi ko wutar kara za ka nufa. Nailan da fatar roba ba sa ci kamar auduga, narkewa suke yi su manne a fata. Ka ja baya kaɗan, kada ka miƙa hannun riga bisa harshen wuta. Haka salansa mai zafi take huda su.

Esans. Mai ɗaukar jarka don injin ban ruwa ya lura. Rigar da esans ya zuba a kanta a cire ta, a shanya a fili, a wanke. Kada a matsa kusa da wuta ko taba da ita.

Maganin ƙwari. Kada ka yi feshi da rigar motonka. Yawancin magungunan nan suna shiga jiki ta fata. Riga mai shafi da soso tana shanye magani, ba ta wankuwa sosai, kuma gobe za ka sake sa ta ka yi gumi a ciki, yaro ya rungume ka. Ka tuɓe ta ka rataye nesa, ta inda iska ke fitowa. Kayan feshi dabam, wankinsu dabam. Kwalbar magani kuma ba a sa ta a aljihu.

KULA DA RIGA

Kowace yamma ka kakkaɓe ƙura. Zif a goge shi da tsohon buroshi, a shafa masa kyandir ko busasshen sabulu. Kada a sa masa mai, don mai yana kama ƙura. Rigar fata a goge ta da ɗanyen tsumma, a shafa mata ɗan man kaɗe ko man takalmi, a ajiye a inuwa. Rigar yadi a ciro matasan kariya kafin wanki, a wanke da ruwan sanyi, ba a buga ta a dutse. In zafi ya shigo, a wanke, a bushe sarai, a rataye inda gara da ɓera ba za su kai ba. Wadda ta taɓa jan ƙasa a duba ɗinkinta kafin a sake dogara da ita.

KA YI LISSAFI

Ka ɗauki kuɗin rigar ka raba shi da yawan shekarun da za ta yi maka. Sannan ka lissafa kuɗin magani, da na ɗan ƙwadagon da zai yi maka ban ruwa in ka kwanta, da fangalin albasar da zai bushe. Rigakafi ya fi magani. In kuna da ƙungiya ko koperatif, ku haɗa kai ku aiki mutum ɗaya mai ido ya zaɓo wa kowa, sayen jimla ya fi sauƙi. Lokacin saye mai araha kuwa shi ne in ɗari ya wuce, daidai da fitar albasa, sa'ad da kuɗi ke hannu, mai kaya kuma yana neman rabuwa da su.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko wurin taron ƙungiya. Mai tambaya ya miƙa ta ga malamin gona na yankinsa, za ta iso gare mu. A sauka lafiya, a yi noman rani mai albarka.